Motar da Taubashina Ya Ɗaure

Ni mutum ne mai zargi tun ina yaro. In na ajiye abu na dawo na tarar ya ɗan karkace, ba na cewa iska ce, sai in tsaya ina lissafin wa da wa suka shigo ɗakin. Innata takan ce ko inuwata ce ta riga ni shiga zaure sai na tambaye ta abin da ta je yi. Na faɗi wannan tun farko don kada a ɗora wa mota laifin da ba nata ba.

A shekarun da aka fara shari'a a jiharmu ina aikin duba makarantun firamare a ƙasar Baure, iyalina kuwa suna Daura. Kullum in fita da sassafe, in yi azahar a can, in kamo hanyar gida rana na tsakiyar dukan mutum. Da na gaji da matsatsin motar haya sai na sayi tawa, tsohuwa, irin mai kafireto, wadda ta ga jiya ta ga yau. A takarda fara ce, a ido kuwa ta fi kusa da kunun kanwa. Amma tana da hali ɗaya da nake yaba mata: da safe murzawa ɗaya take tashi.

A Zango, wadda ke kan hanyata, akwai taubashina, ɗan ƙanin innata. Watanni ne tsakaninmu, tare aka yi mana kaciya, tare muka yi kiwon awakin kakarmu. Yana da rumfar hatsi a bakin titi, gero da dawa da gyaɗa. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, saboda haka tun da muka buɗe ido bai taɓa kirana da sunana ba, sai bawa. Ranar ɗaurin aurena ya shaida wa dangin amarya cewa da dussa kwano ɗaya ya saye ni, kuma an cuce shi. Ni ma ba na raga masa, kansa da haƙoransa da tafiyarsa duk sun sha bakina. A duniya shi kaɗai ne mutumin da nake zama da shi ba tare da na auna maganata ba, ko in auna tasa. Mai hali irin nawa bai cika samun irin wannan wuri ba, shi ya sa kusan kullum in ina komawa gida nakan tsaya a rumfarsa mu gaisa, mu ɗan zagi juna, in wuce.

Ana cikin haka, farkon bazara, ya ce in ara masa motar ranar wata Asabar ya kai matan gidansu suna. Ban so ba. Na san yadda yake tuƙa babur, na kuma san matan gidansu ba su san adadin da mota ke ɗauka ba. Sai na ce birkin ba shi da lafiya. Ya san ƙarya nake, na san ya sani. Ya yi dariya har da dukan cinya.

"Bawa ya yi mota yana hana ubangijinsa! To, madalla. Za ka gani."

Muka yi dariya, na tafi. Maganar ba ta zauna mini a rai ba a ranar.

Mako na gaba na taso daga Baure, zafi kamar a toya ƙwai a kan kwalta. Na tsaya a rumfarsa, na kashe mota, muka gaisa, aka taɓa hira kamar ta kwata, wato minti goma sha biyar. Na shiga na murza makulli. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Na sake. Na shiga tattaka totur ina sakewa, ina tattakawa ina sakewa, yadda na ga kowa yana yi. Ba abin da ya ƙaru sai warin fetur da ya cika motar. Gumi ya jiƙa mini riga, masu rumfunan kusa suka fara leƙowa. Taubashina ya taso yana gyara hula, ya jingina da taga.

"Kada ka wahalar da kanka, ni na ɗaure ta," ya ce. "Bawa ba ya tafiya sai ubangijinsa ya sallame shi. Sauko ka sha fura."

Na sauko. Ya aika aka damo fura a gida, muka sha, muka ci gaba da hira har aka kusa kiran la'asar. Sannan ya miƙe, ya je ya buga bayan motar da tafin hannu, ya ce, "Na sake ki, kai bawana gida." Na murza. Ta yi tari sau biyu, ta tashi, baƙin hayaƙi ya fito ta salansa. Mutanen wurin suka kwashe da dariya, wani mai awo har da kwanciya a kan buhu. Ni ma na yi dariyar, da zuciya ɗaya.

Kwana biyu aka sake. Bayan kwana uku aka sake. Ya zama abin kallo a bakin titin Zango: in tsaya, mota ta ƙi, a sha fura, taubashina ya sake ta. Wasu har sukan bar rumfarsu su zo su ga lokacin sakin.

Na kai ta gareji a Daura, da safe kafin in tafi aiki, don lokacin da nake da shi ke nan. Bakanike ya murza, ta tashi kafin ya saki makulli. Ya dube ni kamar mai neman rigima. Duk da haka ya canja fulogi. Ta sake ƙi a Zango. Wani ya ce batir ne, na canja. Wani ya ce kwayil ce ke zafi, na canja. Wani ya ce man 'yan bumburutu ne, suna gauraya shi da kananzir, na daina sayen na galan na koma bin layi a gidan mai. Duk wanda ya duba ta da safe yake dubawa, kuma da safe lafiyarta ƙalau. Na fara zargin su ma bakanikan, cewa sun san ciwon suna ja mini rai ne don in riƙa dawowa.

Sai ka tuna wane lokaci ne wannan. Duk inda ka juya kaset ɗin wa'azi ne ke tashi, a tasha, a shagon tela, a motar haya, kuma rabinsu a kan sihiri da aljanu da ruƙiyya suke. An rufe wuraren giya, bokaye sun shiga ɓuya, amma maganarsu ta fi ko yaushe yawa a bakin mutane. Kowa ya zama masani. Ciwon kai in ya wuce kwana uku, akwai wanda zai ce maka a bincika. Ba ina kushe malaman ba, sun faɗi abin da ke littafi. Mu ne muka ɗauka muka riƙa gwada shi a kan maƙwabta.

Akwai wani abokin aikina a ofis, mutum mai natsuwa da ƙaramar murya, wanda ke ajiye habbatussauda da zuma a durowarsa. Wata rana ina ba da labarin motar don a yi dariya, kowa ya dara ban da shi. Da aka watse ya jawo kujera kusa da ni.

"Malam, a ina take ƙin tashi?"

"A Zango."

"A Baure fa? A gida fa?"

"Ba ta taɓa ba."

"Wa ke nan duk lokacin da ta ƙi?"

"Shi mai rumfar," na ce.

"Kuma da bakinsa ya ce shi ya ɗaure ta, in ya ce ta tashi ta tashi. Kun taɓa samun saɓani a kan motar?"

Na ce taubashina ne, wasa ne irin namu. Ya girgiza kai a hankali, irin na mai tausayinka.

"Ai da wasa ake gaya wa wawa gaskiya. Ni dai ban ce komai ba. Amma ruwa ba ya tsami banza."

Bai ce komai ba ɗin, gaskiyarsa. Ni na ƙarasa sauran da kaina, a hanya, hannuna a kan sitiyari. Na tuna "za ka gani." Na tuna yadda yakan dafa motar in na tsaya. Na tuna wata rana ya zagaya bayanta ya daɗe, a lokacin na ɗauka tayar yake dubawa. Na tuna kakarsa ta wajen uwa an ce ta san itatuwa. Abubuwan da suka shekara talatin suna kwance ba su dame ni ba, duk suka tashi suka jeru. Har dariyarsa na fara jin ta canja.

Ranar Lahadi na fitar da kujerun motar ina neman laya. A ƙarƙashin ta baya na tsinci wani ɗan ƙulli a baƙar leda, mai tauri, mai wari. Ban buɗe ba, na karanta abin da na iya, na kai bayan gida na cinna masa wuta. Da yamma maiɗakina ta zo tana tambaya ko na ga daddawar da ta sayo ranar da na kai ta kasuwa. Na ce ban gani ba. Wannan ya isa ya sa mai hankali ya yi wa kansa dariya ya bar maganar. Ni kuwa cewa na yi, to, ba a cikin motar abin yake ba ke nan.

Sai na shirya gwaji, don ina ganin kaina mai ilimi ne, ba na yanke hukunci ba hujja. Mako biyu cur ban tsaya a Zango ba. In na zo daidai rumfarsa sai in danna ham in ɗaga hannu in wuce, ina jin shi yana ƙwala mini "Bawa ya gudu!" A mako biyun nan mota ba ta ƙi tashi ko sau ɗaya ba. A gidan mai in kashe a zuba in murza, ta tashi. A ofis ta wuni a ƙarƙashin dalbejiya, ta tashi. Ranar da mako biyun suka cika na tsaya, kuma ranar kasuwar Zango ce, titin cike da mutane da babura da amalanke.

Ya tare ni da murna, ya ce ya ɗauka an sayar da ni gabas. Na zauna ina kallon hannuwansa, ina lura ko zai matsa kusa da motar. Bai matsa ba, yana ta awo. Bayan kamar kwata na ce zan tafi. Na murza. Ta ƙi.

Ya ajiye kwanon awo ya taso yana dariya, yana naɗe hannun riga. "Ka ga abin da nake gaya maka? Mako biyu kana gudu, yau ka zo hannu."

Ya ɗaga hannu zai dafa ta. Ban san lokacin da na fito ba.

"Kada ka taɓa mini mota!"

Ya tsaya da hannu a sama, murmushin bai gama barin fuskarsa ba, yana jiran ƙarshen wasan.

"Na ce kada ka taɓa. Abin ya isa haka. In ba kai ba ne, ka rantse da Allah a gaban mutanen nan."

Wurin ya yi tsit, har mai rake da ke gefe ya daina sara. A kwanakin nan ba ƙaramin abu ba ne a nuna mutum a kasuwa a ce yana sihiri. Mai sayar da hatsi kuwa, abin da mutane za su ci ne a hannunsa. Na san wannan sarai a lokacin da nake faɗa.

"Da gaske kake?" ya ce, a hankali.

"Ka rantse."

Ya dube ni, ya dubi mutane. Sannan ya ce, "Wallahi tallahi, ban taɓa yi wa motarka komai ba, ban taɓa nufin ka da sharri ba." Ya juya ya koma rumfarsa, ya ɗauki kwanon ya ci gaba da auna wa matar da ke jira. Ni na koma cikin mota na zauna, ƙarfe na ƙona mini hannu, ba wanda ya ce mini sannu. Na fi rabin awa a haka. Da na murza ta tashi, kuma ko wannan sai da na lissafa shi cikin hujjojina: na tona shi, abin ya karye.

Na daina tsayawa a Zango, mota kuwa ta daina ƙi. Na yi kusan wata guda ina jin ni ne mai gaskiya, ko da yake ba na jin daɗin gaskiyar tawa.

Rannan aka yi rasuwa a wani gida kusa da Kusugu. Na taso daga Baure na zarce can ban biya gida ba. Na ajiye mota a rana, na zauna a tabarma aka yi addu'a, aka ɗan jima, na yi sallama. Na murza, ta juya ta ƙi kamawa, ga warin fetur ɗin nan da na sani. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, ya biyo ni har gida. Na shiga tattaka totur da haushi.

"Ɗana, ɗaga ƙafarka daga nan. Kana ƙara mata ne."

Wani tsoho ne cikin masu zaman makoki, siriri, da farin gemu, yatsunsa duk tabon ƙuna. Daga baya na ji ya yi shekaru yana gyaran manyan motoci kafin idonsa ya raunana ya bari. Ya ce in buɗe gaban. Bai taɓa komai ba tukuna, ya fara da tambaya.

"Daga ina kake?"

"Daga Baure, Baba."

"Ba ka tsaya ba sai nan? Tun yaushe ka kashe ta?"

"Kamar kwata."

"Da safe tana yi maka haka?"

"Ko sau ɗaya."

Ya zare wayar fulogi ɗaya, ya kusantar da bakinta jikin injin, ya ce in murza. Wuta ta yi tsalle, shuɗiya. "To, ba wuta ba ce. Wanda ya sa ka sayi sabon kwayil ɗin nan ya cuce ka." Ya mayar, ya kwance murfin da ke saman kafireto, ya ce in kawo kunnena. Na sunkuya. Can ciki na ji wani ɗan sauti, ƙus-ƙus-ƙus, kamar tukunya ta fara tafasa. Ya ce in leƙa. Wani farin tururi na tasowa daga maƙogwaronta, fetur kuma na ɗiga ciki ɗis-ɗis, alhali mota a kashe take.

"Ka gani? Ta sha mai. In kana tafiya fanka na hura mata iska, sabon mai mai sanyi na shigowa. Da ka kashe, iska ta tsaya, zafin injin duk ya hau sama. Akwai ɗan kwanon mai a cikin nan, shi ne yake tafasa ya zube ciki. Ka zo ka murza, man ya yi yawa, wuta ba ta iya cinsa. Kai kuma kana tattaka totur kana ƙara zuba wani."

Ya ce in danne totur har ƙasa, in riƙe kada in saki, in murza. Ta juya ta juya, ta yi tari, ta tashi da baƙin hayaƙi. Ko minti biyu ba a yi ba.

Na tsaya ina kallonsa. Kada ka ɗauka godiya ce ta fara zuwa mini. Sai da na tambayi kaina ko tsohon nan ya san taubashina.

Ya sa yatsa a gindin kafireto yana shafawa. "Wa ya taɓa kwance wannan?"

Na buɗe baki zan ce ba kowa, sai na tuna. Farkon bazara, kwana kaɗan bayan maganar aron mota, na ba wani mai gyara a bakin tashar Baure ya wanke mini ita saboda tana shaƙewa. Ina tsaye ya yi, na ma ga ya yanki kwali yana gwadawa. Na tuna "za ka gani" kalma da kalma, na tuna kakar mutum da itatuwanta, amma wannan ya fita daga kaina fit.

"A nan akwai wani baƙin faifai mai kauri da ake sawa tsakaninta da injin," in ji tsohon. "Aikinsa ke nan, tare zafi. Wataƙila ya tsage a hannunsa, ya jefar ya sa maka kwali. Dubi tiyon man ma, ya canja shi ya bar shi kwance a jikin bututun hayaƙi. Tun kafin man ya iso ya riga ya dahu."

Washegari na same shi a ƙofar gidansa. Muka samo faifan a wurin masu tsofaffin kayan mota, ya sa. Ya ɗaga tiyon ya ɗaure shi nesa da zafi. Ya buɗe kwanon man ya ɗan lanƙwasa abin da ke yawo a ciki don kada ya riƙa cika har baki, ya duba allurar da ke tsayar da man ya ce tana da sauran rai. Yana yi da lalube fiye da gani. Da ya gama na ce ban yarda ba sai an gwada, ya ce haka ake so. Na yi tafiya mai nisa da tsakar rana na dawo, na kashe ta a rana, muka zauna ina kallon agogo har kwata ta cika. Murzawa ɗaya ta tashi. Na sake gwadawa washegari, ta tashi.

Duk da haka akwai abin da ya tsaya mini a rai, sai da na fitar da shi.

"Baba, to me ya sa sai a wuri ɗaya take yi? A Zango kawai, gaban rumfar wani ɗan'uwana."

"Me kake yi a can?"

"Gaisawa."

"Ai shi ke nan. A gidan mai ba ka daɗewa, zafin bai kai ga hawa ba. A wurin aiki kana wuni, ta huce. Gaisuwa ce ba gajera ba, ba doguwa ba, daidai tafasar man. Da kana ƙara zama kaɗan da ta tashi da kanta."

"Yakan sa in zauna in sha fura," na ce. "In mun gama sai ta tashi."

"To, ɗan'uwan nan naka ya fi bakanikanka sanin mota," ya ce yana dariya, yana goge hannu da tsumma.

Ban yi dariyar ba. Kunya ce ta rufe ni. Mutum ya ga motata ta ƙi tashi a gaban jama'a, ya mayar da abin wasa don kada in ji nauyi, ya shayar da ni fura, ni kuma na sa shi rantsuwa a tsakiyar kasuwa.

Na je na gaya wa Inna duka. Ashe ta riga ta ji, tun a makon da abin ya faru, ta yi shiru ne tana jira ta ga iyakar hankalina. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ɗan ƙanina ka tsayar a kasuwa. Magana zarar bunu ce. Ka je dai, abin da ya rage ka tarar."

Na zaɓi ranar kasuwa, don a inda na yi ɓarnar nake so in gyara. Na tsaya gaban rumfar na ɗaga murya yadda na ɗaga a wancan karon. Na ce jama'a su shaida, na zalunci ɗan'uwana, ciwon mota na ƙarfe ne, an gano an gyara, ina roƙonsa gafara. Na ba da labarin faifai da kwali da tiyo, har na buɗe gaban motar ina nunawa, kamar akwai wanda ya tambaya.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ba komai, Malam. Na yafe duniya da lahira. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya tambayi Inna, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi aiki. Da zan tafi ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Na ci gaba da tsayawa. Kullum ya miƙe ya tare ni, ya ba ni hannu biyu, a kawo ruwa, a gaisa gaisuwa mai kyau irin wadda ake yi wa baƙon kirki. Na ce a raina lokaci ne, zai sauko. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, sabon gero ya cika rumfar. Na gaji da jiran ya fara, na ce bari ni in buɗe ƙofar. Ran nan na tarar yana auna wa wasu Fulani gero, na tsaya a kansa na yi dariya da ƙarfi.

"Ku yi hankali da mutumin nan," na ce da su. "Kwano biyu gare shi, na saye daban, na sayarwa daban. Tun muna yara ɓarawon awo ne."

Na jira. A da kafin in rufe baki ya rama da uku.

Ya tsayar da awon. Ya juye geron da ke ciki a buhu, ya kakkaɓe kwanon, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Ga shi, Malam. Shi ke nan guda ɗaya. Ka duba."